Kunyar da Ruwa Ya Cinye

Har yau akwai masu sauya zance idan na iso majalisar ƙofar shagon tela a unguwarmu, nan Talata Mafara. Na san abin da suke faɗi kafin in iso. Cewa suke tsoho ya lalace, da furfurarsa ya koma bin yara mawaƙa. Su yi ta faɗa. Na yi shekara talatin ina auna kowane takuna da bakin mutanen nan, abin da na samu a ciki shi ne na kori ɗana da hannuna. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, sai ɗan abin da na ƙara a ajin yaƙi da jahilci, amma ya ishe ni in rubuta yadda aka yi.

Ubana makaɗin noma ne. Na fara da wannan don ita ce maganar da na fi daɗewa ina ɓoyewa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, kusa da gulbi. Ranar gayya, maza sukan jeru a bakin gona, kowa da galmarsa, kowa a kan kunyarsa, wato tudun shukar da zai ja har ƙarshen gona. Ubana yana bayansu da ganga a kafaɗa. Kowane manomi yana da takensa, ɗan guntun kiɗa da yake nasa shi kaɗai. Idan mutum ya fara sanyi, ubana ba ya yi masa magana, takensa kawai zai buga, sai ka ga mutumin ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Ganga magana take yi. Inda murya ta hau, ta hau, inda ta sauka, ta sauka. Tun ina ƙarami yakan zaunar da ni ya ce in faɗi kalma shi ya buga ta, sannan mu juya, shi ya buga ni in faɗa. Kafin in fara aske gemu na haddace taken duk wani mai galma a ƙauyen.

Sai aka zo aikin dam ɗin Bakolori. Manyan motoci suka shigo, aka datse gulbi, ruwa ya fara taruwa. Gonakinmu suka koma ƙasan tafki. Mutanen ƙauye suka warwatse, wasu sabon matsuguni, wasu Bakura, wasu Damri, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Babu gona, babu gayya, babu wanda za a buga wa take. Ubana bai yi damina uku ba bayan haka ya rasu.

Na ɗauko mahaifiyata da gangar muka zo Mafara. Allah ya taimake ni na samu aiki a magudanan ruwan noman rani, ina buɗe ƙofofin ruwa da safe in rufe da yamma. Aka ba ni rigar kaki da wani dogon ƙarfe na murɗa ƙofa. Manoman shinkafa da alkama suka sa mini suna Malam mai ruwa, sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Da na tashi neman aure aka tambayi asalina, na ce mu manoma ne kaka da kakanni. Na san yadda ake kallon ɗan makaɗi idan ya zo neman 'yar mutane. Na naɗe gangar a buhu na tura ta ƙarƙashin gadon Inna, na roƙe ta kada ta tayar da zancen. Ta dube ni kawai.

Yaron da nake magana a kansa ɗan farina ne. Ba na kama sunansa, ba na zama hira da shi, haka aka tashe mu. A ɗakin Inna ya girma. Ashe duk shekarun da nake bakin ruwa, ita tana zaune da shi tana buga masa taken mutanen ƙauyenmu a bayan ƙwarya da yatsu, tana gaya masa wane ne mai wannan, ina gonarsa take, me ya sa ake yi masa wannan kirari. Ita ta fito masa da gangar. Ban sani ba sai da ya kai aji biyar na sakandare.

Su uku ne. Akwai shi, akwai wani ɗan mai sayar da dabbobi daga Bakura, wanda harshensa ke gudu kamar keken ɗinki. Na uku Kirista ne, ɗan wani akawu da ya zo aikin dam daga kudancin Kaduna ya zauna. A Mafara aka haifi yaron, a coci ya koyi kaɗa fiyano, shi ne mai haɗa musu sauti. Abin da suke yi shi ake kira hip-hop, wasu su ce gambarar zamani: magana ce a jere da sauri a kan kiɗan inji, sai amshi mai daɗi da kowa zai iya kamawa.

Sun fara fitowa ne ranar raba kyaututtuka a sakandaren Kaya, inda aka gayyaci makarantu. Daga nan sai bukukuwa a Bakura. Suka samu wani mai gyaran rediyo ya ba su ɗakin bayan shagonsa suka ɗauki kaset. Sauran yara masu irin wannan waƙa kwaikwayon Kanawa suke yi, ko na Amurka. Su kuwa da harshenmu suka yi, da "mi" da "shina" da "wanga", kuma ƙarƙashin kiɗan injin akwai gangar noma. Wannan ya kama mutane. Ranar kasuwar Talata kowane mai kaset shi yake sakawa. 'Yan kabu-kabu suka haddace. Mata masu bugun shinkafa a fadama suna amshin da bakinsu.

Ni ban saurara ba ko sau ɗaya. Idan na ji an saka, sai in sauya hanya. Tsorona ɗaya ne, kada wani ya ji gangar ya tambaya daga ina yaron ya samo ta.

Wata ranar Laraba bayan la'asar na zo majalisa. Muka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa. Sai telan ya ɗago kai daga kekensa.

"Malam mai ruwa, ka ko ji abin da ɗanka ya hwaɗi cikin sabon kaset?"

"Ni ban sauraren shirme," na ce.

"Ai wannan ya kamata ka ji. Cewa yay yi, ubanai ba shi da kunya."

Wani tsohon masinja da ke gefe ya ce, "Da bakinai. Har sau ukku. Jikata ma ta iya."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba, irin wadda ake yi ana kallon ƙasa. Telan ya ƙara da cewa, "Kuma gangar nan da suka bugawa, Malam, hannun gado ne. Ba a koyon wannan a makaranta."

Ban san yadda na isa gida ba. Na same su su uku a zaure, ɗan akawu da fiyanonsa a cinya, nawa da gangar ubana a kafaɗa. Suka miƙe za su gaishe ni. Na fizge gangar, na zaro wuƙar da nake yanke ciyawar bakin ƙofar ruwa da ita, na tsaga fatar gaba, na juya na tsaga ta baya.

"Ni ne ba ni da kunya?" na ce. Karo na farko ke nan da na tsaya na dube shi ido da ido tun yana goye.

Ɗan akawu ne ya matso, ya rusuna.

"Baba, don Allah ka tsaya ka ji. Kunyar gona ce. Ka ji baitin da ke bin shi."

"Kai za ka koya mini Hausa?" na ce masa. "Ubanka da yaz zo garin nan ko sannu bai iya ba."

Wannan ma na rubuta shi don na faɗe shi. An gaya mini gaskiya a ranar, a wurin, ban karɓa ba saboda bakin da ta fito.

Na ce wa nawa ya zaɓa, ko waƙa ko gidana. Ya shiga ɗakin Inna ya daɗe. Ya fito da jaka ɗaya, ya durƙusa ya ce, "Baba, na tahi." Na kau da kai. Inna ta fito ta ɗauki icen gangar da fatar na reto, ta mayar ƙarƙashin gadonta. Ta yi wata guda ba ta ci abincin da aka dafa da hatsina ba, sai na maƙwabta.

Suka tafi Gusau, daga can Kaduna. Ba a jima ba aka fara jin su a rediyo. Kaset ya wuce, faifai ya zo, faifai ya wuce, waƙa ta koma cikin waya, su suna nan suna ƙara sama. Aka fara ganin hotonsu a jikin motoci da shagunan aski. Aka ce sun yi wasa a Kano, sun yi a Abuja, sun ƙetara Nijar. Mutanen da suka yi mini dariya a ƙofar tela suka koma cewa "yaranmu na Mafara". Ni kuwa na riƙe fushina kamar wani abin arziki. Idan aka ce an gan shi a talabijin, sai in ce Allah ya shirya.

Da Inna ta rasu ya zo. Ya durƙusa nesa da tabarmata ya yi gaisuwa cikakkiya, ina wuni, ina gajiya, ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Na amsa kamar yadda na amsa wa kowa. Ya kwana uku a gidan akawu, ya koma. Ƙannensa yana aiko musu da saƙo, uwarsa yana kiranta a waya. Ni da shi babu komai. Shekara tara muka yi a haka.

Bayan na bar aiki, wata rana na shiga bas zuwa Bakura gaisuwar wani abokin aikina da ba shi da lafiya. Aka cusa ni a kujerar baya, buhun albasa a kan ƙafata. Muna fita gari direba ya saka waƙa. Daga bugun farko na gane gangar ubana ce, tsohuwar waƙar nan ce da aka ɗauka kafin in sa mata wuƙa. Babu hanyar sauyawa. Na zauna na ji.

"Ubana ba shi da kunya,
ruwa ya cinye ta tun ban zo duniya ba."

Kalmomin nan biyu rubutunsu ɗaya ne, amma a baki ba ɗaya ba ne. Kunyar ido, muryarta a ƙarshe faɗuwa take yi. Kunyar gona a sama take farawa, a sama take ƙarewa. Yaron a sama ya riƙe ta. Kuma don kada wani ya yi kuskure, gangar da ke ƙarƙashin muryarsa ta buga ta sau biyu, duka a sama. Telan da ya kawo mini maganar shi ya karya ta ƙasa, ko da gangan ko don kunnensa na tela ne. Shi ba laifinsa ba ne sosai. Ni aka zaunar tun ina yaro aka koya wa bambancin nan da gular kiɗa a hannu. Da na saurara sau ɗaya, numfashi ɗaya ya ishe ni.

Waƙar ta ci gaba, yana jero mutanen ƙauyenmu ba da suna ba, da takensu, ɗaya bayan ɗaya, ɗan Bakura yana bi da labarin gonar kowa. Sai wata tsohuwa da ke gabana ta dafa kujera.

"Direba, ƙara sauti. Wanga taken mai gidana ne."

Direba ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, ke ma kina jin na yara?"

"Yaran banza, sun ɓata ƙarshen," ta ce. "Ba haka aka sauke shi ba."

Gaskiyarta. Inna da yatsu ta koya masa a bayan ƙwarya, ƙwarya kuwa ba ta da murya biyu. Ban san lokacin da hannuna ya hau bayan kujerarta ba. Na buga mata shi yadda yake, har saukarwar. Ta juyo da ƙyar ta ƙura mini ido.

"Kai ba ɗan makaɗin garinmu ba ne? Mai bin shi da gorar ruwa?"

Motar cike take da mutanen Mafara, har da wani ƙanin matata.

"Ni ne, Gwaggo," na ce. "Mai waƙar kuma ɗana ne."

"To ka hwaɗa mai ya gyara," ta ce, ta juya abinta.

Ban sauka Bakura da niyyar sayen komai ba, amma da na gama gaisuwa na bi ta wajen mahauta na sayi fatar akuya biyu. Na dawo gida na jawo icen gangar daga inda Inna ta bar shi. A ƙofar gida na yi aikin, da rana tsaka, inda duk mai wucewa zai gani. Na jiƙa fatar, na kankare gashin, na ɗaura, na ja, na shanya. Hannuna ya manta da yawa, sai da na ɓata fata ɗaya na koma na sayo wata. Telan ya zo wucewa ya tsaya.

"Malam mai ruwa, mi kaka yi haka?"

"Gangar ubana nika gyara."

"Ashe dai gado ne."

"Gado ne. Ka kai majalisa, kada ka rage komai. In ka tashi hwaɗi kuma ka hwaɗe shi daidai, ba kamar wancan ba."

Matata ta ji kunyar 'yan'uwanta, ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure. Na ce mata ƙaryar da na yi wa iyayenta ni na yi ta, zan je in faɗa wa waɗanda suka rage. Na je na faɗa. Babban wanta ya ce ai sun daɗe da sani, tun shekarar auren wani ɗan ƙauyenmu ya gaya musu. Shekara talatin ina gadin ƙofar da ba ta da kyaure.

Bayan ƙaramar salla aka ce yaran za su zo wasa a filin gari, sun sauka a gidan tsohon akawu. Da hantsi na rataya gangar a kafaɗa ba buhu, na ratsa ta tsakiyar kasuwa. Masu kallo suka kalla. Na yi sallama a ƙofar akawu, shi ya fito. Na gaishe shi, na ce kafin komai ina neman gafararsa kan wata magana da na faɗa a kansa shekarun baya. Ya ce bai san da ita ba. Ɗansa, wanda yanzu ya yi ƙiba har da gemu, ya leƙo ta bayansa.

"Ni na san da ita," ya ce. "Baba, yau dai zan iya koya maka Hausa?"

"Ka koya mini tun tuni, ni ne daƙiƙi."

Ya yi dariya ya karɓi hannuna da hannu biyu. Ya shigar da ni tsakar gida. Nawa yana zaune a kan benci da ɗan Bakura. Ya miƙe, ya durƙusa, ya fara gaisuwar nan tasa mai tsawo wadda ba ta da ƙofa. Na bar shi ya gama. Na sauke gangar na ajiye a gabansa.

"Na ji waƙar," na ce. "Ta gona ka rera."

Ya daɗe yana kallon sabuwar fatar. Ya shafa ta da tafin hannu.

"Ta gona na rera, Baba," ya ce, kansa a ƙasa. "Amma na san za a iya jin ɗayar. Ina jin haushinka lokacin. Kaka tana ɓoye ganga kamar kayan sata."

Ban zo da shirin jin wannan ba. Na ji zafinta, kuma ban ga inda zan ce ƙarya ce ba.

"To kun ɓata ƙarshen take na huɗu," na ce. "Matar mai shi ta aiko ni."

Ya ɗago kai. Ya ɗauki gangar ya miƙo mini ita da gular.

"A nuna muna."

Na buga. Ya ce in sake. Ɗan akawu ya ruga ya ɗauko na'urarsa ya kafa mini a gaba. Muka wuni a tsakar gidan nan, ni ina bugawa ina faɗin mai take da inda gonarsa take, su suna ɗauka, matar akawu tana kawo mana kunun zaƙi. Nawa bai ce ya yafe ba, ni ma ban iya buɗe baki na roƙa da kalma ba. Amma da la'asar, da zan tafi, ya ce wa direbansu ya bari, shi zai kai ni. A gidana ya ci tuwon dare, a tabarmata.

Ban hau dandamali ba ranar wasan, kuma ban taɓa hawa ba. Ba wurina ba ne. Amma a faifan da suka fitar bayan nan hannuna ne a kan gangar, kuma na ce su rubuta a jiki cewa ɗan makaɗin noma ne ya buga. Duk lokacin da suka zo gida ina zuwa filin, in zauna gaba a kujerar roba, tsakiyar yara masu ihu.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne wannan. Da muka zauna lissafa mutanen ƙauyen gida gida, akwai mutum bakwai da na tuna fuskarsu, na tuna gonarsu, amma takensu ya fita daga hannuna. Inna ta san su. Ta rayu shekara shida bayan na tsaga gangar, a ɗaki ɗaya da icen, ban taɓa shiga na tambaye ta ba. Na je Damri, na je sabon matsuguni ina neman tsofaffi, na samo biyu. Biyar sun tafi.

Makon jiya telan ya sake taɓa ni. Ya ce, "Malam, da girmanka da jikokinka, ba ka jin kunyar zama cikin yaran nan?"

Na ce masa ya faɗi kalmar da kyau tukuna in san wadda yake nufi. Ya ce shi bai gane ba. Na ce to ya bari sai ya gane. Na tashi, don akwai wani tsoho a wajen Kaya da aka ce ya yi noma a ƙauyenmu yana saurayi, kuma motar safe ba ta jira.